Sankarar Huhu da Asusun Maganin Tsofaffi a Ƙasar Amurka: Wa Za a Duba, Wa Zai Biya?

 Ku sani abin da muka ɗauko yau wata mas'ala ce wadda likitoci da mahukuntan ƙasar Amurka suka daɗe suna jayayya a kanta, watau shin ya kamata asusun gwamnati ya biya kuɗin duba huhun tsohon da ya daɗe yana shan taba, alhali kuwa bai yi tari ba, bai rame ba, bai kai kuka wurin kowa ba? In an ce ya kamata, to, wane tsoho, daga shekara nawa zuwa nawa, kuma bisa wane sharaɗi? Mas'alar ta ƙasa mai nisa ce, amma akwai abin lura a cikinta ga malami mai auna hujja, da ɗan kasuwa mai auna riba da hasara.

Fasali na farko: cutar da sababinta

Sankarar huhu, wadda waɗansu ke kira ciwon daji na huhu, wata tsoka ce da ke tsirowa cikin huhu tana girma ba bisa ƙa'ida ba, har ta toshe hanyar numfashi, kana ta aika da 'ya'yanta zuwa ƙashi da hanta da ƙwaƙwalwa. Duk cikin ire-iren sankara babu wadda ta kai ta kisa. A shekarar 1 kacal, watau 2022, an ƙiyasta ta kashe mutum wajen miliyan 1.8 a duniya. A Amurka kaɗai an ƙiyasta ta ɗauke wajen mutum 125,000 a shekarar 2024.

Muguntar wannan cuta ita ce ɓoyewa. Tsokar huhu ba ta jin zafi kamar fata, saboda haka ƙullutun yana iya yin watanni yana girma mai shi yana cin kasuwarsa. Ran da tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko aka ga jini cikin kaki, ko jiki ya soma zubewa, sau da yawa aikin gama ya gama. Wanda aka gano tasa tun tana wuri guda, fiye da rabin irinsu suna kai shekara biyar da rai. Wanda aka gano bayan ta watsu zuwa gaɓoɓi masu nisa kuwa, da ƙyar ɗaya cikin goma ke kaiwa.

Babban sababinta taba ce. A shekarar 1950 waɗansu masana biyu a Ingila, Richard Doll da Austin Bradford Hill, da waɗansu biyu a Amurka, Ernst Wynder da Evarts Graham, suka fito da hujjar cewa mafi yawan masu wannan cuta mashaya sigari ne. Shi Graham ɗin nan shi ne wanda ya fara cire wa mai sankara huhu guda ɗungum ya rayu, a shekarar 1933. Shi kansa ya daɗe yana shan taba, kuma sankarar huhu ce ajalinsa a 1957, mutumin da ya yi wa aikin kuwa ya rayu bayansa. A watan Janairu na 1964 babban likitan gwamnatin Amurka, Luther Terry, ya bayyana wa jama'a a hukumance cewa sigari na jawo sankarar huhu. A wancan zamani wajen mutum 42 cikin ɗari na manyan Amurka suna shan taba. Zuwa shekarar 2022 sun ragu zuwa wajen 12 cikin ɗari. Amma samarin da suka kama taba a wancan lokaci su ne tsofaffin yau, kuma abin da hayaƙi ya shuka a ƙirjinsu bai tafi da tafiyar hayaƙin ba.

Fasali na biyu: asusun da ake magana a kansa

A Amurka magani yana da tsada ƙwarai, mafi yawan masu aiki kuwa inshorar kamfani suke dogara da ita ta hanyar wurin aikinsu. To, da can in mutum ya tsufa ya bar aiki sai ya rasa madafa, gama kamfanoni ba su son ɗaukar tsoho sai da kuɗi mai nauyi. Saboda haka ran 30 ga Yuli 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta kafa wani asusu na gwamnati mai suna Medicare, domin wanda ya kai shekara 65. Ya tafi har garin tsohon Shugaba Harry Truman a jihar Misuri ya sa hannun a gabansa, aka ba Truman kati na farko, don shi ya fara neman irin wannan tsari a zamaninsa bai samu ba. A 1972 aka shigar da naƙasassu waɗanda ba su kai shekarun ba, da masu ciwon ƙoda mai tsanani. Yanzu mutum fiye da miliyan 65 ke ƙarƙashin wannan inuwa.

Ɗan kasuwa zai gane tsarin in ya tuna da adashi, sai dai bambancin shi ne a adashi kowa na kwasa bi da bi, a nan kuwa mai kwasa shi ne wanda ciwo ya kama. Ana yanke wa ma'aikaci kashi 1.45 cikin ɗari na albashinsa, uban gidansa ya ƙara kwatankwacin haka, wannan na kwanciyar asibiti ne. Na ganin likita da gwaje-gwaje kuwa, tsofaffin suna zuba wani abu kowane wata, baitulmali ta cika sauran. Tun da yake dukiyar jama'a ce, ba a buɗe bakin jaka don wani sabon abu sai an kawo hujja.

Fasali na uku: neman hujja

Hankali yana ba mutum cewa duk abin da aka gani da wuri an ci ribarsa. Amma likitoci sun koyi cewa wannan zato ba kullum yake tabbata ba. A shekarun 1970 an gwada ɗaukar hoton ƙirji irin wanda muka sani a asibiti, ana yi wa mashaya taba a kai a kai. An gano sankara da yawa, amma da aka ƙidaya matattu sai aka tarar ba su ragu ba. Dalili kuwa, hoton ƙirji kamar inuwa ne a jikin bango, ƙaramin ƙullutu yana ɓuya bayan haƙarƙari ko zuciya, ba ya bayyana sai ya girma.

Daga baya aka sami wata na'ura da ake kira siti, wadda mutum ke kwanciya a tura shi cikin bakinta, ta zagaya ƙirjinsa tana ɗaukar hoto yanki yanki, kamar yadda ake yanka albasa a duba kowane zobe. Tana iya nuna ƙullutun da bai kai ƙwayar wake ba. Aka kuma gano ana iya rage ƙarfin haskenta mai ratsa jiki zuwa wajen kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na yadda aka saba, hoton huhu ya fita sarai. Ba a allura, ba a yanka, mutum ya riƙe numfashi na ɗan lokaci kaɗan an gama.

A shekarar 2002 Cibiyar Binciken Sankara ta gwamnatin Amurka ta soma wani babban gwaji a asibitoci 33. Aka tara mutum 53,454, masu shekara 55 zuwa 74, dukkansu manyan mashaya taba ko waɗanda ba su wuce shekara 15 da bari ba. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, don kada son rai ya shiga. Rabi aka yi musu hoton siti sau ɗaya a shekara har sau uku, rabi kuwa hoton ƙirji na da. Da aka bayyana sakamako a 2011, sai aka ga mutuwa ta sankarar huhu ta ragu da kashi 20 cikin ɗari a ɓangaren masu siti. Wannan shi ne karo na farko da wani gwaji ya nuna duba huhun mai lafiya yana rage mutuwa. A 2020 wani gwajin da aka yi a ƙasashen Holan da Beljiyam ya ƙarfafa wannan, inda mutuwar ta ragu da wajen kashi 24 cikin ɗari a tsakanin maza bayan shekara goma.

Fasali na huɗu: ɗaya gefen ma'auni

To, jama'a, kada a ji kashi 20 a ɗauka an gama magana. Ga yadda lissafin yake in an baje shi a faifai. Sai an duba mutum wajen 320 kafin a tsirar da rai ɗaya, watau cikin mutum dubu wajen uku ke nan. Cikin dubun nan kuwa, wajen 390 an ga wani abu a huhunsu aƙalla sau ɗaya cikin zagaye ukun, aka ce su komo. Da aka bi diddigi, sai ya zama fiye da 96 cikin ɗari na abubuwan da aka gani ba sankara ba ne, tabo ne na wani tsohon ciwo, ko wani ƙullutu marar lahani.

Mafi yawan waɗannan mutane sake hoto kawai aka yi musu bayan watanni, amma ku duba halin wanda aka ce masa an ga abu a huhunsa, ya je ya dawo bayan wata uku. Waɗansu kuma sai da aka soka musu allura ta ƙirji aka ɗebo tsoka, abin da kan sa huhu ya saki iska ya motse. Kaɗan daga ciki har yanka aka yi musu, aka tarar babu kome. Akwai kuma wata illa mai wuyar ganewa, ita ce a gano sankara mai tafiyar hawainiya, wadda da an bar ta da mai ita ya mutu da wani sababi dabam ba ta taɓa shi ba, amma da yake an gan ta tilas a yi mata aiki. Sa'an nan shi kansa hasken na'urar, ko da an rage shi, ba a so a riƙa haska mutum da shi ba dalili.

Saboda wannan ne a 2014 ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta sake ma'auni, ta ce ƙullutun da bai kai milimita 6 ba kada a tayar wa mai shi da hankali, alhali a babban gwajin daga milimita 4 ake kirga shi abin tuhuma. Wannan ya rage yawan kiran banza ƙwarai.

Fasali na biyar: yadda aka yanke hukunci

Akwai wani kwamiti na masana rigakafi a Amurka wanda aikinsa auna irin waɗannan hujjoji. A watan Disamba na 2013 ya ba da shawara a riƙa duba masu shekara 55 zuwa 80 kowace shekara, in sun cika sharaɗin yawan taba. Bisa wata doka ta 2010, abin da kwamitin nan ya ƙarfafa, wajibi ne mafi yawan kamfanonin inshora su biya shi ba tare da an karɓi ko kwabo daga mai zuwa ba. Amma wannan wajibci bai hau kan Medicare kai tsaye ba, sai hukumarta ta yi nata nazari. Sai aka wayi gari cikin wani hali mai ban mamaki, mai shekara 60 da inshorar kamfani za a duba shi kyauta, mai shekara 66 kuwa, wanda ya fi shi kusa da cutar, babu tabbas.

A watan Afrilu na 2014 mashawartan Medicare suka zauna, suka ce zuciyarsu ba ta natsu ba. Hujjarsu ita ce wajen kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai na mutanen babban gwajin suka kai shekara 65, kuma an yi shi a manyan asibitoci masu gwanaye, ba lalle ƙaramin asibitin ƙauye ya yi aiki kamarsu ba. Tsoho mai ciwon zuciya da numfashi kuma bai jure wuƙa kamar mai sauran ƙarfi. Ƙungiyoyin likitoci da 'yan majalisa da yawa suka tashi suka ce ba daidai ba ne a hana tsofaffi abin da aka ba na bayansu, alhali su cutar ta fi kamawa.

A watan Fabrairu na 2015 hukumar ta bi tsakiya. Ta yarda za ta biya sau ɗaya a shekara, amma da sharuɗɗa: mutum ya kasance tsakanin shekara 55 da 77, ba shi da alamar cutar, yana shan taba ko bai wuce shekara 15 da bari ba, kuma ya cika ma'auni 30. Shi wannan ma'auni ga yadda ake lissafa shi. Kwali ɗaya kara 20 ne. Wanda ya sha kwali ɗaya kullum har shekara ɗaya, ya cika ma'auni ɗaya. Mai shan kwali biyu kullum shekara 15 ya cika 30, mai shan rabin kwali kuwa sai ya yi shekara 60. Aka kuma shar'anta cewa kafin hoto na farko sai likita ya zauna da mutum ya faɗa masa amfanin abin da illarsa, ya yi masa nasihar barin taba, sa'an nan shi mai jikin ya zaɓa. Kun ga wannan ya yi kama da ciniki na gaskiya, inda mai kaya ke bayyana aibin hajarsa kafin a sallama.

Daga baya aka lura wannan ƙofa ta yi ƙunci. Baƙaƙen fatar Amurka da mata sau da yawa ba su shan taba da yawa kamar Turawa maza, amma cutar tana kama su, baƙaƙen kuma takan kama su da sauran shekaru, sai ma'aunin 30 ya bar su a waje. A watan Maris na 2021 kwamitin masana ya sauko da shekarun zuwa 50, ma'aunin zuwa 20, abin da ya kusa ninka yawan waɗanda suka cancanta. A Fabrairu na 2022 Medicare ta bi sahu, ta ce daga 50 zuwa 77, ma'auni 20. Masu ƙasa da 65 da wannan ya shafa su ne naƙasassun da ke cikin asusun tun da wuri.

Fasali na shida: abin da ya rage na saɓani

Na farko, mai shekara 78 zuwa 80 masana sun ce a duba shi, asusun kuwa ya tsaya a 77. Na biyu, sharaɗin shekara 15. Mutumin da ya sha taba shekara 30, ya yi ta maza ya bari yana da 50, in ya kai 66 an rufe masa ƙofa, maƙwabcinsa da bai bari ba kuwa ana duba shi kyauta. Haɗarin wanda ya bari yana raguwa lalle, amma ba ya komawa kamar na wanda bai taɓa sha ba, tsufa kuma yana ƙara shi. Saboda haka a watan Nuwamba na 2023 Ƙungiyar Yaƙi da Sankara ta Amurka ta cire wannan sharaɗi daga tata shawarar. A ganinmu hujjarta ta fi ƙarfi, gama bai dace hukunci ya zama kamar horo ga wanda ya bi nasiha ba.

Na uku, hoton dubawa na shekara shekara ne kaɗai kyauta. In an ga wani abu aka shiga bincike, sai lissafi ya koma irin na sauran magani, inda mai ciwo kan biya kashi 20 cikin ɗari in ba shi da wata inshorar ta cikawa. Talaka da ya san haka yana iya cewa gara kada a tono masa abin da ba shi da kuɗin binsa.

Na huɗu, akwai masu cewa don me wanda bai taɓa shan taba ba zai biya wa wanda ya jawo wa kansa? Amsar da ake ba su ita ce, da yawa cikin tsofaffin nan sun kama taba tun suna yara, zamanin da ake tallarta a rediyo da talabijin, wanda ba a hana ba sai farkon 1971, kuma sojan Amurka har cikin guzurinsa ake sa masa sigari zuwa 1975. Ban da haka, in cutar ta watsu, asusun nan dai shi zai ɗauki nauyin jinya mai tsawo. Wannan ba ya nufin dubawa ba ta cin kuɗi. Masu lissafi sun ƙiyasta a 2014 cewa kowace shekara ɗaya ta rai da lafiya da aka samo ta wannan hanya ta ci wajen dala 81,000, mahukunta suka ga ciniki ne da ya faɗa.

Babban abin mamaki kuwa shi ne, bayan duk wannan jayayya, mutanen ba su zo ba. Wani rahoto na Ƙungiyar Huhu ta Amurka a 2024 ya nuna wajen 16 cikin ɗari kaɗai na waɗanda suka cancanta aka duba. Waɗansu ba su ji labari ba, waɗansu asibitin ya yi musu nisa, waɗansu tsoro, waɗansu kuma kunyar a ce su suka jawo wa kansu. A Ingila sun bi wata dabara. A birnin Mancesta a 2016 aka ɗora na'urar a kan manyan motoci aka kai ta bakin kantuna a unguwannin talakawa, mutum ya zo cefane a duba shi. A 2023 gwamnatinsu ta ce za a yaɗa dubawar a ƙasar duka ga mashaya taba da waɗanda suka bari, masu shekara 55 zuwa 74. Ashe biyan kuɗi dabam, kai abu inda mutane suke dabam.

Kammalawa

Mai karatu ya riƙe abu uku. Na ɗaya, wannan dubawa ta wanda ba shi da alama ce. Wanda tari ya wuce masa mako uku, ko ya ga jini a kaki, ko yana ramewa ba dalili, ba jiran wani asusu zai yi ba, asibiti zai nufa, kuma kada a yanke cewa tarin fuka ne sai an gwada, gama cututtukan biyu suna kama da juna a ido. Na biyu, ma'aunin wata ƙasa ba a ɗauko shi a auna hatsin wata sai an duba. A inda tarin fuka ya yawaita, kamar ƙasashenmu, tabon da yakan bari a huhu yana iya ruɗin na'urar, kiran banza ya ƙaru. Na uku, su kansu likitocin da suka yi wannan bincike sun haɗu a kan cewa hoto ba ya wanke huhu. Yana gano wuta ne bayan ta kama, barin taba kuwa shi ne janye itacen. Wanda ya bari yana da shekara 60 ma ya ci riba, balle wanda ya bari da ƙuruciya, balle yaron da iyaye da malamai suka tsare bai taɓa kunna kara ba.

In kunne ya ji, jiki ya tsira.